Ƙananan Rubutun da Ban Karanta wa Baba Datti Ba

Ranar Laraba, 20 ga Agusta 1958, ina ofis aka aiko mini cewa Allah ya yi wa Baba Datti mai wanki na Unguwar Shanu rasuwa, bayan ya sha fama da tari. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Baba, shekara tara kana wanke mini kaya. Ranar da aka ɗauke ni aikin akawu riga ɗaya gare ni. Kai ka wanke ta, ka sa bula, ka shanya a kan ciyawa, ka goge, har abokan aiki suka zaci ɗan masu hali ne ni. Ba ka taɓa tona mini asiri ba. In maɓalli ya cire sai in tarar ka ɗinke, in na yi godiya ka ce kai ba ka ga komai ba.

Daminar bara rana ta yi wuya, fararen kaya suka daina fita. Ka sayo wani gwangwanin hoda a Babbar Kasuwa, ka kawo mini ka ce, "Malam Abubakar, kai da ka san Turanci, duba mini me aka rubuta nan."

Kaina ya kumbura. Na karanta babbar kalmar da ke gaba, na ce bilic ke nan, ma'anarta faranta abu. Na ɗauko ƙamus na nuna maka cewa daga tsohon Turanci ta fito, inda take nufin abin da ya koɗe ya yi fari, kuma Turawa na faɗinta ga tufa, ga gashi, har ga ƙashin da ya daɗe a rana. Ka yi dariya ka ce, "Kai, boko da daɗi!" Ban juya gwangwanin ba.

Kayanmu suka yi fari tas, muna ta yabonka. Kai kuwa kana zuba hodar da hannu, a ɗakin wankin nan marar taga, ƙofa a rufe saboda ruwa. Hannunka ya sale, muka ce sanyi ne. Tari ya kama ka, muka ce tsufa ne. Da aka kai ka asibiti, likita ya ce huhun ya riga ya lalace.

Ranar sadakar uku matarka, Inna Hauwa, ta miƙo mini rigunana biyu a goge, da gwangwanin, ta ce ko zai yi mini amfani. A ƙofar gidanka na juya shi. Layi uku ne, ƙanana: cokali ɗaya a bokiti, kada a taɓa da hannu, kada a yi aiki da shi a rufaffen ɗaki. Abin da ka zo tambaya ke nan, ni kuwa na tsaya ba ka tarihi.

Mutane na ce mini kwana ne ya ƙare. Na sani, na kuma yarda, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wanda zan roƙa gafara yana ƙarƙashin ƙasa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Hauwa da ɗanki Sani, Allah ya ba ku haƙuri. Na zo gaisuwa sau uku bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na rubuta. Sani, ka karanta mata duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya.