Akwatin Injiniya da Kunnen Tela

Maigidana bai taɓa yi wa kowa hassadar mota ko gida ba. Abu ɗaya ya tsone masa ido a duniya: kunnen ƙanina.

Injiniya ake ce masa a layinmu, ko da yake babu makarantar da ta ba shi sunan. Ƙuruciyarsa a ɗakin janareton wata masana'anta ya ƙarar da ita, inda sai ka kafa baki a kunnen mutum kafin ya ji ka. Da aka rufe masana'antar ya buɗe shagon gyaran rediyo a ɗakin ƙofar gidanmu. Rediyo ta daina tashe, ya koma gyaran amfilifaya, daga nan ya faɗa hannun mayun kiɗa. Mutane ne masu zuba duk waƙoƙinsu a wata 'yar kwamfuta, su jona ta da manyan sifiku, su zauna su rufe ido kamar masu jiran sakamakon asibiti.

Kukansu ɗaya ne. Cajar da ke zuwa da kwamfutar ba ta da nauyi, kuma wutar da take bayarwa ba ta da tsabta, sai ta bar wani siririn ƙara a ƙarƙashin waƙa, kamar kukan sauro. Injiniya ya gano maganin abin. Yakan haɗa akwatin ƙarfe, ya sa masa tiransifoma mai nauyin turmi da wasu kafasito masu ƙibar gwangwanin madara, su tace wutar a hankali har ta kwanta, sai a jona shi da kwamfutar a maimakon caja. Akwatin yana ɗaukar zafi, ɗaga shi kuma sai an yi nishi, amma masu saye har daga nesa suke zuwa. Ni da na share shekaru ina sharar guntayen waya da dalma, na san hannunsa babu na biyunsa.

Sai dai janareto ya riga ya ci rabonsa. Magana yana ji, kiɗa yana ji, amma siraran sauti sun daɗe da yi masa sallama. Saurón da yake kashe wa mutane, shi bai taɓa jin kukansa ba. A allon na'urar awo yake ganinsa, wani layi mai karkarwa da ke miƙewa idan an jona akwatinsa. Bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tayar da zancen ba.

Ƙanina tela ne, shagonsa na kallon namu. Ko fis bai iya canjawa ba. Wata rana ya shigo aron almakashin waya, ana gwada wa wani mai saye akwati, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ai yanzu har numfashin mawaƙiyar ana ji kafin ta ɗauki baiti. Mai sayen ya juyo ya kama hannunsa kamar ya ga ɗan'uwan da ya ɓata. Tun daga ranar, duk wanda ya zo sai ya ce a kira Tela ya saurara tukuna.

Ciniki ya ƙaru, fuskar Injiniya ta ƙara ɗaurewa. Shi zai yini yana ƙona yatsu, wani ya tsallako titi da zare a wuya ya gyaɗa kai, a ce masa sannu da ƙoƙari. Wasan da ke tsakanin miji da ƙanen mata ya fara yin kaifi. Injiniya ya ce Tela ɗan kanzagi ne, yana karanta fuskar mai saye ne kawai ya faɗi abin da ake so. Ya ce kunnen da ya saba da keken ɗinki me ya sani. A wurin cin abinci ma, in Tela ya ce ya ji ana buga ƙofa, sai maigidana ya tsuke baki har a tabbatar da akwai mutum. Haushi nake ji, tausayinsa kuma yana hana ni magana.

Ranar wata Asabar da hantsi ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Ya rataya labule a tsakiyar shago, ya ajiye kwamfutar da cajarta da akwatinsa a baya, ya ce ni zan riƙa canjawa yadda na ga dama, Tela ya faɗi wanne ke aiki. Ya gayyato biyu daga cikin masu sayen akwatinsa su zama shaida. Nufinsa a fili yake: a tabbatar babu kunnen da ke jin abin da nasa bai ji ba.

Tela ya dube ni kafin ya zauna. Na san kallon, tun muna yara haka yake yi in zai ɗauki laifin da ba nasa ba.

Na jona caja, waƙa ta tashi, Tela ya ce akwati ne. Na jona akwati, ya ce caja. Na sake barin akwatin a wurinsa, ya ce caja ce dai. Haka muka yi ta yi har hannuna ya gaji, ina ɗaga labule ina faɗin gaskiya, shaidu suna dariya. Injiniya ma da farko har da tafa cinya. Can sai na lura dariyarsa ta tsaya, ya zuba wa Tela ido kawai.

"Yaya, ka yi gaskiya," in ji Tela yana miƙewa. "Dama cika baki nake yi. Bari in koma kan kekena."

Shaidu suka bi shi da tsiya har titi. Shago ya rage daga ni sai maigidana. Ya sauke labulen, ya ninke shi da kyau, abin da bai taɓa yi ba.

"Ko sau ɗaya bai dace ba?" ya tambaye ni.

Na ce ko sau ɗaya.

"Mai lalube yakan dace wani lokaci, ko da tsautsayi ne," ya ce. "Wanda ya kuskure duka, ya san kowanne. Yaron nan rufa mini asiri ya yi a shagona."

Ban musa ba. Da Tela ya ci gasar, da Injiniya ya samu abin faɗa da shi har shekara. Yanzu ko wannan an ƙwace masa.

Ya jona akwatinsa da kansa, ya kunna waƙar, ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa sifika. Ya daɗe a haka, kansa a karkace. Sannan ya juyo ya yi mini irin kallon da yake yi wa Tela.

"Ke ma kina jin bambancin?"

Na so in yi ƙarya, amma ƙarya ɗaya ta ishe shi a rana guda. Na ce ina ji, tun akwatin farko da ya haɗa.

Ya sunkuyar da kai, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin akwatin da ya fara ɗumi.

"To zauna," ya ce. "Faɗa mini yadda yake."