Yadda Aka Naɗa Ni Shugaban Kamen da Na Je Hanawa

A lokacin da abin nan ya faru ina aji uku a jami'a, kuma ina cikin ɗaliban nan da ba a cin su da gardama. In an taru a gindin bishiyar da muke zama bayan lacca, muryata ake fara ji, ita kuma ake ƙarewa da ji. Amma da zarar na sauka daga mota na shigo ta Ƙofar Kibo, sai in koma wani mutum dabam, in durƙusa wa duk dattijon da na gamu da shi, in ce "haka ne" tun kafin ya gama magana. Haka aka rene mu a cikin birni, kuma a gidanmu na fi kowa iyawa. Edita, don Allah a sakaya sunana, saboda waɗanda zan yi maganarsu duk suna raye, wasunsu ma ba sa barin mujallar nan ta wuce su.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta ɗalibai, ra'ayinmu shi ne kamu da ɗauri ba su hana shaye-shaye ba, don haka a gyara doka, a daina ɗaukar mai shan ƙwaya kamar ɓarawo, a ɗauke shi maras lafiya a kai shi asibiti. Yawancin abokaina a littafi suka samo wannan ra'ayi. Ni a zaurenmu na same shi. Yayana wanda nake bi mai aikin riga ne na hannu, duk unguwarmu babu wanda ke fitar da aska takwas kamarsa. Wata shekara gab da sallah aiki ya yi masa yawa, wani ya ba shi ƙwayar da ke hana gajiya. Sallah ta wuce, ƙwaya ba ta wuce ba. Baba ya yi faɗa, ya yi duka, daga baya aka kama shi ya yi 'yan watanni a tsare. Ya shiga ya san ƙwaya iri ɗaya, ya fito ya san duk danginta da inda ake sayar da kowace. Tsorona ɗaya ne a duniya, kada a sake tafiya da shi, don Baba ya rantse in aka ƙara kama shi, gidan mari zai kai shi da hannunsa, inda ake sa wa mutum ƙarfe a ƙafa.

Wata rana shugabar ƙungiyarmu, wata mai karatun lauya wadda ba ta taɓa shiga cikin birni ba, ta ce mun gaji da yi wa junanmu wa'azi, ya kamata a fita cikin jama'a. Ni sarkin baki na miƙe na ce a bar min, unguwarmu a tafin hannuna take. Har tafi aka yi min.

To a wajenmu yaro ba ya tunkarar mai unguwa da magana kai tsaye. Sai ya sami babba ya shigar da shi, babban ya yi bayani, shi yana durƙushe kansa a ƙasa. Na tafi wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi suna wajen iya zama da manya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni wato so nake a daina kama su. Na ce e. Ya cire hularsa ya daɗe yana kallon cikinta. Daga nan ya ce magana ce mai kyau, amma ba a shigar da irinta gaban manya tsirara, in bari ya sa mata riga. Ni kuwa na yi ta godiya.

Da muka je, Kawu ya gaya wa mai unguwa cewa wannan yaro, ɗan wane jikan wane, halin da matasa suka shiga ya hana shi barci, shi da 'yan uwansa ɗalibai suna son a taru a tashi tsaye a kan lamarin. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da bai faɗa ba kawai shi ne inda za a nufa in an tashi. Mai unguwa ya dube ni ya tambaya ko haka ne. Na buɗe baki, Kawu ya yi gyaran murya, sai na ji bakina ya ce haka ne, ranka ya daɗe. A hanyar gida na lallashi kaina cewa ai ranar taro lasifika za ta zo hannuna, a nan zan warware komai.

Sai na je na sami yayana da abokansa a inda suke zama a gindin tsohuwar ganuwa. Na rantse musu da Allah taron nasu ne, babu mai taɓa su, manya ne za su ji matsalarsu daga bakinsu. Yayana ya ce shi ya san manyan unguwar nan tun ban fara rarrafe ba, amma tunda na rantse zai zo. Suka kuwa zo, har da wanka da hula, suka jeru a benci guda a gefe kamar 'yan rakiyar ango.

Ranar Asabar bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Abokaina suka iso a keke da kwalaye masu rubutun Turanci, aka karɓa da girmamawa aka jingine su a bango don kada su tare wa manya iska. Shugabarmu ta nemi ta buɗe taro, Kawu ya yi mata bayani cikin ladabi cewa masaukin mata a ciki yake. Aka shige da ita wurin matan gida aka dama mata fura, ba mu sake ganinta ba sai da aka watse. A taron cikin birni da girma ake magana. Liman ya buɗe da addu'a, da ya ga lasifika na hannunsa sai ya zarce da wa'azi. Mai unguwa ya yi nasa. Wani tsohon ɗan sanda mai ritaya ya ba da labarin yadda suke gyara kangararru a zamaninsu, har yana nunawa da sandarsa. Duk wanda ya tashi sai ya nuna ni ya ce ga yaron kirki da ya ce a kawar da ɓata-gari, ni kuma in sunkuyar da kai, don ba a katse babba. Ina satar kallon bencin nan ina ganin yana raguwa.

Da aka zo kaina rana ta yi ja. Yaro kuwa ba ya fara magana sai ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya. Na gaida mai unguwa, na gaida liman, na gaida na'ibi, na gaida malamai da alhazai, Kawu na bayana yana raɗa min waɗanda na tsallake. Na ja numfashi ke nan na ce dalilin taruwarmu a nan, sai ga ladan a gabana ya miƙo hannu. Ashe lasifikar ta masallaci ce aka aro, magariba kuma ta yi.

Ana idar da salla, mai unguwa ya sanar a ƙofar masallaci cewa an kafa kwamitin sintiri da kame, ni ne shugaba, tsohon ɗan sanda shi ne mai ba ni shawara. Liman ya ce a shafa fatiha. A wajenmu abin da aka shafa wa fatiha ya gama, ba a komawa kansa. Na ɗaga hannu don in yi magana, na duba na ga kowa hannunsa a sama, sai na shafa tare da su. Ranar ce Baba ya fara kama hannuna a gaban mutane ya sa min albarka, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji har cikin raina. Tsohon ɗan sandan ya ja ni gefe ya ce duk tsawon aikinsa bai taɓa ganin dabara irin tawa ba, a ce mutum ya tara masu laifi a benci guda da rana tsaka, a ƙare musu kallo. Ya ce ya haddace fuskar kowa.

Aka ba ni gora da usur. Da safe ina makaranta ina rubuta takardar a daina kame, da yamma ina gaban 'yan sintiri muna zagaya lungu. Dabarar da na samo ita ce tun daga nesa in fara busa usur iya ƙarfina, kafin mu isa ganuwa babu kowa sai awaki. Mutanen unguwa suka ce ba a taɓa shugaba mai himma irina ba, tsofaffi mata har ƙosai suke aiko min. Wani ya ɗauke ni hoto da gora a kafaɗa, hoton ya isa wayar 'yan ƙungiyarmu, suka kore ni da irin Turancin da ni na koya wa wasunsu. Yayana kuwa ya daina yi min magana. In na shigo zaure sai ya ajiye allura ya miƙe ya ce Allah ya ja zamanin shugaba, ya koma ya zauna.

Usur ba kullum yake aiki ba. Lokacin jarrabawa 'yan sintiri suka fita ba ni, suka kama biyu daga cikin waɗanda suka zauna a bencin nan bisa rantsuwata, aka miƙa su ga hukuma. Na ji labari, amma na ce bari a gama jarrabawa zan yi magana. Aka gama, na ce bari Kawu ya dawo daga tafiya.

Wata Juma'a bayan an sauko aka aiko kirana da gaggawa. Na tarar da ƙofar gidan mai unguwa a cike, 'yan sintiri sun kamo yayana, yana zaune a ƙasa an ɗaure hannunsa da igiya, wuyan rigarsa a yage. Baba na tsaye, har ya kira mai keken da zai kai su ƙauyen da gidan marin yake. Mai unguwa ya ce tunda shugaba ya iso, shi zai raka shi. Baba ya ce kada in duba jini. Kawu ya matso ya raɗa min in bar masa, zai san yadda zai shigar da maganar. Sai yayana ya ɗago kai ya dube ni.

"Shugaba, ka ce haka ne mana a gama. Rana na dukana."

Ban san lokacin da na zube a gaban mai unguwa ba. Ban gaida kowa ba. Duk hujjojin da nake jerawa a makaranta suka gudu, maganar ta fito a hargitse ina kuka kamar yaron da aka ƙwace wa abinci. Na ce ni ban taɓa son a kama kowa ba, zuwa na yi in ce a daina. Na ce an taɓa ɗaure yayana ya dawo ya fi da lalacewa, ba shi da lafiya ne, magani yake buƙata. Na ce ni na rantse wa yaran nan, da bakina aka kama su. Tsohon ɗan sanda ya ce dama ya faɗa, boko ba ta bar yaran yanzu da komai ba. Baba ya juya min baya. Kawu ya shiga duba cikin hularsa.

Mai unguwa ya tambaye ni ko tun ranar farko wannan ce maganata. Na ce ita ce.

"To da na tambaye ka, me ya hana ka faɗa? Da ka faɗa, da ban yarda da maganarka ba, yanzu ma ban yarda ba. Amma da ban ba ka gora ba, da kuma ba ka kawo min 'ya'yan mutane ƙofar gida ba."

Nan take ya sauke ni, ya sa aka karɓi usur. Sannan ya ce a kwance yayana, tunda na ce maras lafiya ne, ga majinyacina nan, in je in yi jinya a gani.

Jinyar nan ta koya min abin da kwali da lacca ba su koya min ba. Na sha layin asibiti, na sha zagi daga wanda nake jinya, na wanke amai, ya daina shan ƙwaya ya koma, ya sake dainawa. Baba ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata. Yau yayana na zaure da allurarsa, ba zan ce ya warke sarai ba, don in sallah ta matso idona na kansa, amma ƙarfe bai taɓa shiga ƙafarsa ba, kuma ya koma kirana da sunana.

Ra'ayina yana nan yadda yake, har gobe ina ganin asibiti ya fi kurkuku ga mai shaye-shaye. Abin da nake jan kunnen ɗalibai 'yan uwana a kai shi ne, in kun ɗauko magana mai nauyi za ku kai gida, ku durƙusa, ku gaida kowa, amma ku faɗe ta da bakinku tun zaman farko, ko da za a kore ku. Manya sun fi mu iya jin abin da ba sa so. Kada kuma ka rantse wa mutum a kan taron da ba ka da iko da shi. Cikin yaran nan biyu da aka kama, ɗaya da ya fito ya bar garin gaba ɗaya. Ɗayan yana tuƙa keke. In na tsaya a bakin titi ina neman abin hawa, yakan rage gudu ya dube ni, ko babu fasinja ko ɗaya a bayansa, sannan ya wuce. Ban taɓa ganin laifinsa ba.