Takardar da na cire wa suna

Har yau ban manta da ranar da na raba wata takarda a zauren horo a Ƙonni ba. Ina rubuta wannan ne domin ku sababbin shiga, tunda Madam Rakiya, shugabar aikinmu, ta ce kowannenmu ya ba ku labarin kuskurensa ɗaya.

A lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, na zo koyon aiki a ƙungiyar. Aikinmu shi ne horar da 'yan sa-kai daga Ƙonni, Malbaza da Illela: malamai, mata na ƙungiyar iyaye, da masu kula da tsakar lakwal, wato farfajiyar makaranta. Muna koya musu yadda za su kare ɗaliban da ake tsangwama, har da waɗanda ake kira 'yan daudu ko ake zargi da son jinsinsu. A takardar gayyata ba ma rubuta haka. Muna rubuta "kare ɗalibai daga cin zarafi" kawai, sai a cikin zaure a yi bayani a hankali. Ba ma tambayar ɗan sa-kai ra'ayinsa kan lamarin. Abin da muke nema a wurinsa shi ne kada a doki ɗalibi, kada a kore shi daga karatu.

Ni ba mai yawan magana ba ne, don haka aka ba ni rubutu. Madam Rakiya ta ce in shirya misali guda na gaske wanda za a tattauna a kai, ta kuma gargaɗe ni in cire suna.

Na samu wani ɗalibi ta hannun malamarsa. Yana ajin ƙarshe na kwaleji, saura wata biyu ya rubuta jarrabawa. Mun zauna a bayan aji da zafin rana, ya gaya mini yadda 'yan ajinsu suka ɗaura masa kallabi suka kulle shi a ban-ɗaki. Da ya ga ban katse shi ba, sai ya ƙara da abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, cewa abin da suke faɗa a kansa ba duka ne ƙarya ba. Ya tambaye ni ko sunansa zai fito. Na yi masa alkawari ba zai fito ba.

Na cika alkawarin. Na kira shi Musa. Amma ni mutum ne mai tsoron barin abu a baya, sai na rubuta komai: cewa mahaifiyarsa tana sayar da nono a kasuwar Dogarawa, mahaifinsa ya tafi cin rani bai dawo ba, shi ne yake saƙa mata faifan rufe ƙorai, kuma kekensa ba shi da burki, da ƙafa yake tsayar da shi. Na sa har maganar da ya sirranta mini. Na yi alfahari da takardar, domin babu kuskure ko ɗaya a cikinta.

Ranar horon Madam ta maƙale a hanyar Illela, motar haya ta lalace. Ta kira ta ce in fara. Na raba takarda ashirin ga mutum ashirin, na karanta musu ina fassarawa da Hausa saboda waɗanda ba su yi lakwal ba.

Ban kai ƙarshe ba wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye, Inna Halima, ta tashi ta zo kusa da ni. Ta yi ƙasa da murya.

"Ɗana, tsaya nan. Wa ya ce ka rubuta wagga?"

Na ce mata na cire sunan.

"Suna kaɗai ka cire. Namiji nawa ka sani da ke saƙa faifai a ƙasarmu? Ni na san uwa tai, wurinta nike sayen nono."

Ta bi layi da kanta tana karɓar takardun, tana ce wa mutane an yi kuskuren bugawa. Ta kai su wurin masu dafa abincin rana ta sa a murhu. Kafin ta sa, na ƙirga. Goma sha tara ne.

Mai ta ashirin wani saurayi ne mai kula da tsakar lakwal ɗin da Musa yake. Ya fita kafin azahar bai dawo ba. Ina so ku fahimci cewa ba mugu ba ne. Ransa ne ya ɓaci da jin an kulle ɗalibinsa bai sani ba, sai ya hau babur ya kai wa shugaban lakwal takardar, yana neman a hukunta masu laifi. Shugaban ya karanta har ƙarshe. Bisa yadda aka saba, ya aika a kira wanda yake riƙe da gidan, wato baffan Musa.

Washegari ni da Madam Rakiya da Inna Halima muka je wurin baffan. Madam ta roƙe shi ya bar Musa ya rubuta jarrabawa kawai, Inna Halima ma ta ce za ta riƙe shi a gidanta har a gama. Baffan ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa, ya ce ya riga ya yanke shawara: Musa zai bi 'yan cin rani zuwa kudu ranar kasuwa.

Na same shi a tasha ran tafiyar, yana riƙe da buhu ɗaya. Ban san ta inda zan fara ba. Shi ya fara, yana kirana yadda ɗalibai ke kiran malamansu.

"Mushe, kun ce sunana ba ya fita."

Na ce ban sa ba.

"To, mi kunka sa?"

Na gaya masa, ɗaya bayan ɗaya, har da keken. Sai ya ce da an tambaye shi, da ya faɗa mini kowa ya san keken nan. Ya ciro littattafansa na lissafi ya ba ni, ya ce in ba wa wanda zai rubuta jarrabawa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Tun daga nan muka canja tsari. Ba a kawo misalin mutum guda. Ana haɗa labarai da yawa a sauya gari da sana'a, mai labarin ya ji abin da aka rubuta kafin kowa, kuma ba a raba takarda a zaure. Darasin farko ga 'yan sa-kai yanzu shi ne kada su kai ƙarar kowane ɗalibi sai sun tambaye shi wa yake so ya sani.

A garuruwanmu ba da suna ake gane mutum ba. Da uwarsa ake gane shi, da sana'ar gidansu, da yadda yake tsayar da keke. Saboda haka ku sani, a wannan labarin ma kasuwar ba ta Dogarawa ba ce, ba nono ake sayarwa ba, kuma babu keke. Littattafan lissafin ne kaɗai na gaske, suna nan cikin akwatina, domin sunansa yana kan kowane bango, na kuwa kasa ba wa kowa.