Hannun Baba Isiyaku da Ruwan Alwala

Akwai ranar da ba na jin za ta bar raina ko bayan na ajiye aikin nan, wata Laraba ce cikin bazara, ranar da na kusa jawo wa wani dattijo asarar gwiwar hannunsa. Ku sababbin ma'aikata ku matso ku ji, musamman masu ganin sun haddace littafi sun gama. Ni ma haka nake ji da kaina a lokacin, har da ɗaga kafaɗa.

A lokacin shekarata huɗu a ɗakin ƙera gaɓoɓi da wata ƙungiya ta buɗe mana a Kazaure. Ni ƙaramin ma'aikaci ne mai awo da ƙira. Sama da ni akwai Hajiya Binta, shugabar sashe, wadda hannu ko ƙafa ba ya fita daga ɗakin sai ta duba ta sa hannu. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Idan aka kawo wanda ya rasa hannu, sai mu naɗe dungun da filasta mu ɗauki siffarsa, mu zuba kwanso na roba daidai da shi. A bakin kwanson akan ɗaura ƙugiya ta ƙarfe, a ja waya daga ita zuwa maɗaurin da ke zagaye kafaɗu. Mutum ya miƙa kafaɗa, ƙugiya ta buɗe. Ya saki, ta damƙe. Tsakanin fata da kwanso kuma akwai safa ta auduga, ita ke shan gumi.

Baba Isiyaku manomi ne daga wani ƙauye a bayan Babura. Injin casar gero ya cinye masa hannun dama, aka yanke shi ƙasa da gwiwa, ga kuma ciwon suga yana fama da shi. Ranar awo na tambaye shi abin da ya fi so hannun ya yi masa. Na zaci zai ce riƙon fartanya.

Ya ce, "Ɗana, cokali nake so ya riƙe. A ƙofar gidana ake ciyayya tun zamanin mahaifina, kowane maƙwabci ya fito da kwanonsa. Shekara biyu ke nan ina ci ni kaɗai a ɗaka. Da wace fuska zan sa hagu a kwanon mutane?"

Na ce, "Baba, in dai wannan ne ka kwantar da hankalinka. Gwiwarka tana nan, ita ce mai kai loma baki. Sauran aikina ne."

Wallahi na zuba basira a hannun nan. Ranar da ya sa shi, ya damƙi cokali ya kai baki sau uku ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba, sai ya juya fuska bango yana share ido da hular kansa. Na ba shi safa uku, na karanta masa dokokin kamar yadda suke a takarda: a wanke dungu kullum, a bar shi a bushe, a canza safa, a dawo bayan mako biyu. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "To, madalla."

Ya dawo bayan mako biyu da safe. Na ce, "Baba, yaya hannu?" Ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi." Da na cire sai na ga fatar bakin dungun ta yi ja ta yi laushi. Na tambaye shi ko yana barin wurin a bushe, ya ce ƙwarai kuwa, ko wanka zai yi sai ya goge sosai. Sai na yanke hukunci cewa kwanson ne ke matsa shi, na kai shi kan inji na gurje cikinsa don ya ƙara faɗi. Zuwa na biyu wurin ya fara saɓulewa. Na sake tambaya, ya sake cewa lafiya lau, na sake gurzar kwanso. Ban gaya wa Hajiya ba, don kada ta ce awona ne bai yi ba. Kun ji wauta ko? Ina ta faɗaɗa kwanso, shi kuwa yana ƙara yi masa yawa yana goga masa ciwo.

Ranar Larabar da nake ba ku labari, motar Babura ba ta cika da wuri ba, sai ya iso daidai kiran azahar. Na ce mu yi salla tukuna, muka nufi ɗan masallacin da ke bayan ɗakin aikinmu. Na ɗauko mana butoci, muka tsuguna kusa da juna.

Ya kwance maɗauri, ya zare hannun ya jingine shi da bango, ya cire safa. Wani wari ya bugi hancina. Na waiga, sai ga gyambo kamar faɗin murfin kwalba a bakin dungun, yana fitar da ruwa, gefensa ya kumbura. Ban gama dawowa hayyacina ba na ga ya karkata buta da gwiwar ƙafa, ya wanke dungun har gwiwar hannu sau uku. Da ya idar, ruwa na ɗiga, ya ɗauki safar nan da ta riga ta jiƙe ya zura, ya mai da kwanso a kai ya ɗaure.

Na ce, "Innalillahi! Baba, haka kake yi kullum?"

Ya dube ni da mamaki. "Alwalar? Sau biyar mana, wani lokacin har da ta walaha."

"Ba ka gogewa?"

"Haba ɗana, ruwan alwala ne fa. Tun muna yara aka ce mana ba a goge shi, lada ne ke ɗiga."

"To ba na ce a bar wurin a bushe ba?"

"Ai ina bari. Ka ce ruwa, ba ka ce alwala ba."

"Sauran safa biyun fa?"

"Suna cikin akwati. Ɗaya ta Juma'a, ɗaya na ajiye wa salla babba."

Allah Ya yafe mini, ban san abin da liman ya karanta a sallar nan ba. Lissafi kawai nake yi a sahu: mako shida, sau biyar a yini, fatar mai ciwon suga a kulle cikin roba da danshi, a zafin bazara. Ni kuma ina can ina gurzar kwanso kamar mai gyaran turmi.

Ana sallamewa na ja shi wurin Hajiya Binta. Ta duba gyambon, ta danna gefensa, ta sa aka gwada sugansa. Ba ta ɗaga murya a gabansa ba. Sai da ta ja ni bayan labule ta ce, "Sabi'u, tun yaushe ka ga wannan?"

Na ce, "Wata guda ke nan da ya fara ja, ranki ya daɗe."

"Wata guda, kana kallona kullum muna gaisawa? Ka san in ya taɓa ƙashi abin da likita zai yi?"

Na sani sarai. Za a yanke sama da gwiwa. Wanda kuwa aka yanke wa sama da gwiwa, a irin kayan da muke da su, da wuya dattijo kamarsa ya ƙara kai cokali baki da dama. Ni da na yi masa alkawari da bakina.

Ƙa'idarmu ita ce mu ba ma taɓa ciwo, sai mu rubuta takarda mu tura asibiti. Hajiya ta rubuta, ta ce, "Kai za ka kai shi, kuma kada ka dawo mini sai da amsa." Na goya shi a babur ɗina. Likita ya wanke gyambon, ya auna zurfinsa, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ce a ɗauki hoton ƙashi. Muka zauna kan benci muna jira. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dattijon nan ni yake lallashi. "Kada ka damu ɗana, ka yi iya yinka." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Sai bayan la'asar aka kira mu. Likita ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ƙashi lafiya yake, ciwon bai kai can ba. Amma da kun ƙara mako biyu, da wata maganar muke yi." Ya rubuta magani, ya ce a riƙa wankin ciwo a asibitin da ke kusa da su, kuma kada a sa hannun roba sai wurin ya warke sarai.

Na koma kan benci na zauna. Alhamdulillahin da na yi a wurin ban san adadinta ba. Baba Isiyaku ya dafa ni da hagunsa ya ce, "To, ni aka ce wa ƙashina lafiya, me ya sa kai ne ka fi ni hamdala?"

Saura magana ɗaya, ita ce babba. A hanya na ce masa daga yau sai ya riƙa gogewa bayan alwala. Ya yi murmushi irin na manya ya ce, "Ɗana, kai malamin roba ne. Wannan kuwa ba fagenka ba ne." Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Sai na wuce da shi wurin limamin masallacinmu, na zayyana masa komai. Liman ya ce, "Malam Isiyaku, goge ruwa ba ya ɓata alwala, halal ne. A halin da kake ciki ma shi ne daidai, don jikinka amana ne. Yanzu da akwai bandeji, shafa a kansa ta wadatar." Baba ya ce, "To, yanzu na ji." Maganar da na kasa shigarwa a mako shida, liman ya gama ta kafin shayinsa ya huce.

Wata biyu aka yi kafin ciwon ya rufe. Na sake awo, na zuba sabon kwanso, don wancan na riga na lalata shi da gurza. Wannan karon Hajiya ta tsaya a kaina har na gama. Na haɗa masa da ƙaramin tawul da safa shida, na ce, "Baba, babu ta Juma'a a ciki, duk na yau da kullum ne."

Tun daga ranar na gane cewa mutanenmu ba sa kawo ƙara. "Lafiya lau" gaisuwa ce, ba rahoton ciwo ba, kuma dattijo ba zai kunyata wanda ya yi masa alheri ba ko da namansa na ruɓewa. Littafin da muka karanta kuwa ba a rubuta shi don mai wanke hannu har gwiwa sau biyar a yini ba. Shi ya sa kuka ga tambayar nan a takardar awonmu, wadda wasunku ke tsallakewa: "Nuna mini yadda kake alwala." Ni na roƙi Hajiya ta ƙara ta. Duk wanda na kama ya tsallake ta, ni da shi ne.

Bayan kaka aiki ya kai ni wajen Babura, na ratsa ƙauyensu da yamma. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kwanuka sun fito, dattawa sun kewaye. Yana tsakiyarsu da tawul a kafaɗa, har abokan wasansa sun laƙaba masa Mai Tawul. Da ya hango ni ya ce, "Ku matsa wa ɗana, shi ne malamin robar da nake ba ku labari." Na zauna aka turo mini kwano. Ya miƙa kafaɗa, ƙugiya ta buɗe, ya damƙi cokali, ya yi bisimilla ya ɗebo dambu daga kwanon maƙwabcinsa da hannun dama. Ni dai na kasa haɗiye lomata sai da na ga tasa ta isa baki.