Ranar da Na Fitar da Yayan Mijina Daga Ɗakin Likita

Wata bakwai muna zirga-zirga tsakanin garinmu Sara da asibiti a Birnin Kudu saboda ciwon ƙodar Malam, mijina, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ganin likita shi kaɗai ba. A gidansu ba a barin marar lafiya ya shiga sai da babba. Yayansa ne ke shiga da shi, ya zauna a kujerar gefe, har ya riƙa amsa tambayar da ba shi aka yi wa ba. Ni kuwa sai a bar ni a benci a waje da ledar magunguna.

Akwai abin da ni kaɗai na sani. Tun da ciwon ya yi nisa Malam ya kasa kusantata. Wallahi ban taɓa yi masa ƙorafi ba, amma abin ya fi kumburin ƙafafunsa cin ransa. Wani a majalisarsu ya ce masa ƙwayar hawan jini ce ke kashe maza, sai ya daina sha a ɓoye, ya koma sayen wani jiƙo mai warin kanwa a kasuwa. Gora uku na tarar a bayan buhunan dawa. Da na yi magana ya zare mini ido ya ce, "In zancen nan ya fita, a bakin aurenki."

Ran nan ƙofar ɗakin likita ba ta rufu sosai ba, ina jin komai daga benci.

"Malam, gwajin nan ya fi na wancan watan muni ƙwarai," in ji likita. "Kana shan wani abu ban da wanda na rubuta maka?"

Sai Yaya ya karɓe: "Ba ya shan komai, Likita. Ni shaida ne."

Wai shaida! Mutumin da sai ranar Juma'a yake leƙo mu. Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na tura ƙofa ba. Shekara goma sha tara ina gidansu ban taɓa haɗa ido da Yaya ba, ko gaisuwa a durƙushe nake yi masa. Amma ran nan na ce, "Yaya, don Allah ka ɗan ba mu wuri."

"Ni?" ya ce. Ya dubi ƙanensa, ƙanensa ya dubi ƙasa. Likita ne ya miƙe ya buɗe masa ƙofa da girmamawa, ya fita yana gyaran babbar riga.

Na juya ga Malam. "Ka faɗa da bakinka. In ka ƙi, ni zan faɗa. Gara ka sake ni kana raye da in yi maka takaba."

Ina ganin jijiyar wuyansa tana harbawa, na riga na sallama auren a zuciyata. Can ya fara magana, murya ƙasa ƙasa, har sai da likita ya matso da kujerarsa. Ya faɗi komai.

Likita bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya ce maza da yawa masu ciwon ƙoda na fama da wannan, ciwon ne da kansa ke jawowa, kuma da an gaya masa da ya duba abin da za a yi, ko a canza ƙwayar in ita ce. Daga nan ya dube ni.

"Hajiya, tun yaushe kika sani?"

"Wata uku," na ce.

Ya sunkuya yana rubutu. Da zai sallame mu ya ce abin da ƙodar ta rasa ba ya dawowa, mu fara shirin wankin ƙoda.

Malam bai sake ni ba. Yanzu ma in ana yi masa wankin yakan ce ni ce na ceci ransa, in ce masa Allah ne. Ban taɓa gaya masa cewa har yau ban yafe wa kaina watannin nan uku da na yi ina tsoron saki ba.