Kwat Ɗin Yayansu

Ina tsince shinkafa a tsakar gida ɗana ya shigo da waya a hannu. Ko sallama bai yi ba, abin da ban san shi da shi ba. Ya tsaya a bakin rijiya, ya dubi ƙanwarsa da ke wanke-wanke, ya ce, "Gaya wa Inna sun kira ni. Banki ne, a Kaduna. Ranar Litinin za su yi mini intabiyu."

Ina zaune a tsakaninsu, na ji komai. Na ce wa yarinyar, "Ce masa Allah ya sa alheri." Ta juya ta maimaita masa tana dariya, don ita abin dariya yake ba ta.

Haka muke da shi tun yana ƙarami. Shi ne ɗana na fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa. Haka na ga uwata ta yi da yayana. Idan zan ambace shi sai in ce "yayansu". Babansa ne bai riƙe wannan kunyar da ƙarfi ba. Masinja ne a jami'a nan Samaru, ya ga yadda malamai ke tafiya da 'ya'yansu, shi ma ya ɗauka. Shi ke zama da yaron, shi ke duba sakamakon jarrabawa, shi ke dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka yi ƙoƙari." Nawa abinci ne da addu'a. Da daminar bara Allah ya karɓi abinsa bayan gajeriyar jinya. Tun daga nan yaron ya yi shiru. Yana fita koyar da yaran unguwa, ya dawo, ya shige ɗaki.

Bayan la'asar ya buɗe akwatin babansa ya ciro kwat ɗin da marigayin ke sawa ranar bikin yaye ɗalibai. Ya sa, ya fito. Hannun rigar ya tsaya can sama da wuyan hannunsa, kafaɗun kuma sun zubo. Ban iya kallo ba, na koma ga tukunyata. Na ji yana ce wa ƙanwarsa, "Da in je a haka gara in zauna. Ai da ma ba irinmu suke ɗauka ba."

Wannan maganar ce ta tsaya mini. Da babansa na nan, da kalma ɗaya zai kashe ta. Na juya miya na juya, sannan na ce wa yarinyar, "Ce masa gobe da safe ya shirya, Sabon Gari za mu."

"Za ku? Ke da shi?"

"Na ce ki gaya masa."

Da safe muka hau bas daga bakin kasuwar Samaru, shi a gaba, ni a baya. Maƙwabciyata ta gan mu za mu shiga, ta riƙe haɓa ta ce, "Yau kuma? Ashe zamani ya zo har ɗakinki!" Na gaishe ta na wuce.

Wajen 'yan gwanjo muka nufa, layin masu kwat. Wani Ibo ne ya tare mu, dattijo mai tumbi, da tef ɗin awo rataye a wuya. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ba ta da maraba da tamu. Ya kawo mini benci, ya dubi yaron sama da ƙasa.

"Aure ko aiki?"

"Aiki. Banki."

"To ajiye wannan mai ƙyallin da kake taɓawa, na masu wa'azi ne. Idan ka shiga da shi baiko irin na coci za su ba ka, ba aiki ba."

Yaron ya yi murmushi, na farko da na gani a fuskarsa da daɗewa. Mai shagon ya yi ta sauke kaya yana mayarwa, har suka rage biyu, ɗaya ruwan toka, ɗaya shuɗi mai duhu. Yaron ya sa wannan ya cire, ya sa wancan ya cire, ya sake komawa na farko. Rana ta fara zafi. Ni dai idona na kan tayil ɗin ƙasa.

"Hajiya, wanne?" in ji mai shagon.

Na ce, "Shi zai sa. Tambaye shi."

"Ai shi ke yake tambaya. Tun ɗazu ba kansa yake kallo a madubin nan ba, ke yake kallo." Sai ya tafa hannu. "Af! Ɗan fari ne? Na gane. To ki raɗa mini a kunne, ni in gaya masa. Samari, toshe kunnenka."

Masu shagunan gefe suka yi dariya. Yaron bai yi ba. Yana tsaye da shuɗin a jikinsa, hannuwansa a sake, yana jira.

Sai na ɗaga kai na dube shi, kallon da rabona da yi masa tun yana goye. Ya fi babansa tsawo. Wuyan na babansa ne, tsayuwar ma. Rigar ta zauna a kafaɗunsa kamar don shi aka ɗinka. Na ga mutumin da zai shiga kowane ofis a ƙasar nan ya zauna a gaban kowa. Ni na haife shi. Ban taɓa barin kaina na yi wannan tunanin har ƙarshensa ba.

Kwalar ta lanƙwashe ta baya. Na tashi daga bencin, na je, na miƙa hannu na gyara ta. Sai da na yi ɗage.

Na ce, "Wannan za ka sa. Kuma za ka je."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Mai shagon bai ƙara tsokana ba. Ya ɗauko abin ɗaura wuya, ya ɗaura masa da kansa, ya sassauta, ya zare ta kai. "Kada ka kwance ƙullin nan. Ranar Litinin ka zura kai, ka ja, shi ke nan."

Ranar Litinin ya fito da sassafe, takalmi a goge. Matan layinmu suka leƙo. Maƙwabciyar nan tawa ta ce, "Wannan ai manaja ne!" Ina tsaye a zaure, ban shiga ciki ba sai da ya sha kwana.

Sun ɗauke shi. Ranar da labarin ya zo, wayata ya kira, ba ta ƙanwarsa ba. Na ce alhamdu lillahi, na yi masa addu'a da bakina, yana amsawa da amin. Yanzu yana Kaduna, yakan zo ƙarshen wata ya zauna a bakin ƙofata, mu taɓa magana kaɗan.

Kalmar nan ta babansa, "ka yi ƙoƙari", tana bakina duk zuwan da zai yi. Har yau ban faɗa masa ba.