Jar Akuyar Inna a Ƙofar Ɗakin Gwaji

Shekarar da na fara aiki a ɗakin gwajin jini a Kontagora, bincikenmu ya tsaya cak wata biyu saboda wata 'yar kwalba ba ta iso daga Turai ba. Ogana ya ce ruwan cikinta daga jinin akuya ake tace shi. Wai ana yi wa akuya allurar sojojin jikin mutum, sai jikinta ya ƙera nasa sojojin masu cafke su. In aka ɗiga a jininmu suka cafke namu, sai launi ya fito. Na gyaɗa kai, amma wallahi ban gane ba.

Na ba mahaifiyata labari yadda na ji shi. Washegari sai ga ta a keke napep daga Ibeto, riƙe da jar akuyarta.

Ta ce, "Ku ɗebi iya abin da kuke so."

Kunya ta sa na yi mata tsawa. "Inna, ba irin wannan ba ce!"

"To wace iri ce?"

Na juya wurin oga. Ya daɗe yana kallon akuyar, sannan ya ce, "Gaskiya irinta ce, Hajiya."

Har Inna ta ja akuyarta ta tafi, babu wanda ya iya gaya mata me muke jira.